Zane na Biyu

Ƙarfe goma, rana ta fara cizo a Sakkwato,
kwanon rufin aji yana ƙas-ƙas kamar mai tsaki.
Malam Cindo ya shigo da baƙo a bayansa,
ɗan dako daga Kara, Arzika sunansa,
warin albasa bai saki rigarsa ba.
Aka girka masa kujera a tsakar ɗaki,
mu goma sha ɗaya muka yi masa zobe,
kowa da allo a cinya, da gawayi a hannu.

Nawa na kirya ne.
A Maƙera na tsinto shi, gefen zugazugin kawuna,
na feƙe bakinsa da reza tun da asuba.

"To, mi za ni yi?" in ji baƙo.
"Zamna kawai," in ji Malam, "kada ka motsa."
Ya yi dariya har giɓinsa ya leƙo:
"Shekara arba'in ana biyana in ɗauka,
yau za a biya ni in zamna?
Lalle duniya ta tsuhwa."

Na fara da kai, na gangaro wuya,
jijiyoyi kamar igiyar guga.
A kafaɗa hannuna ya cije:
ta dama ta zube ƙasa da ta hagu,
kamar katangar da damina ta jinginar.
Kunya ta kama ni a madadinsa,
na ɗaga ta, na daidaita,
na ba shi ƙirjin ɗan kokawa.

Malam ya tsaya a kaina, bai ce uffan ba,
ya sa babban yatsa ya shafe layin.
Sai da ya juya ya ce,
"Wa ya ba ka izinin sauke masa kaya?"

Na mayar da buhun da ba a gani.

Ƙuda ya sauka a karan hancinsa,
ya zaga, ya wanke hannu, ya yi zamansa.
Arzika bai ƙifta ba.
Gumi ya biyo tsagar kumatunsa
kamar ruwan Rima ya sami tsohuwar hanya.
Ba abin da ake ji sai ƙarar gawayi,
kar-kar, kar-kar, kamar ɓeraye a rumbu.
Can gyangyaɗi ya sace shi,
haɓa ta sunkuya, inuwa ta sauya wuri,
Kulu ta ja tsaki, ta sake sabon hanci.

Ni dai ban roƙi takarda ta yi numfashi ba,
rai na Mai shi ne.
So nake in koyi kallo,
don sau nawa na wuce shi a bakin kasuwa
ban ga komai ba sai buhu mai ƙafafu.

Tsagar na bari a ƙarshe.
Shida nan, bakwai can.
Na ƙirga sau uku, hannuna na rawa,
gawayin ya karye a ta biyar.

Da ladan ya kira azahar ya miƙe,
gwiwoyinsa suka yi gardama.
Ya bi mu ɗaya-ɗaya yana duba kansa:
nan ya yi ƙiba, can ya yi kama da liman.
A gabana ya daɗe.

"Ka yi ƙoƙari, yaro.
Amma wanzami ya riga ka.
Kwanana bakwai duniya ya zane ni,
shi ko bai da abin gogewa."

Ya kai yatsa ya taɓa kumatun takarda,
ya dubi baƙin da ya biyo shi,
ya goge a gaban riga.
Ya karɓi kuɗinsa, ya ƙirga, ya cusa a hula,
ya fita, kafaɗar dama na gaba.

Na tsuguna alwala a bakin famfo.
Ruwan da ya zuba daga hannuna baƙi ne,
na wanke sau uku,
akwai saura a ƙarƙashin farce.